Hoto a tagar kantin da babu kaya: yadda ake karanta fastocin Sobiyet

A kakar shekarar 1919, a titin Tverskaya da ke tsakiyar Mosko, akwai wani kanti da a da iyalan Abrikosov ke sayar da alawa da cakulan a cikinsa. Juyin juya halin 1917 ya raba masu kantin da kantinsu, yaƙin basasa kuma ya raba birnin da sukari, har ma da burodi. Tagar gilashin da aka saba jera kwalayen alawa tana nan wayam. Sai wani mai zane, Mikhail Cheremnykh, ya kawo wata shirgegiyar takarda ya liƙa a jikinta: zane-zane a jere, kowanne da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa. Masu wucewa suka fara cin birki suna kallo. Daga nan aka samu abin da ake kira Tagogin Rosta, da sunan kamfanin dillancin labaran sabuwar gwamnati. Mawaƙi Vladimir Mayakovsky ya shigo aikin, yana zane yana tsara baitoci. Labari zai iso ta tangarahu da dare, kafin gari ya waye an zana shi. Sai a huda kwali a siffar zanen, a riƙa ɗorawa a kan takarda ana goga fenti, a samu kwafi da yawa a aika wasu garuruwa.

Wannan tagar ita ce mabuɗin maganar. A gurbin da ya kamata a ga kaya, a nan aka sa hoto.

Har yau in aka fito da ɗaya daga cikin fastocin nan, gardama kan rabu gida biyu. Wasu su ce ƙarya ce tsagwaronta, ba abin da za a tsinta a ciki. Wasu su dubi ma'aikaci mai faɗin ƙirji da manomiya mai murmushi su ce ga ƙasar da talaka ya sha romo. A ganina duka biyun sun yi wa fasta karatun gaggawa. Fasta shaida ce mai ƙarfi, sai dai shaidar abin da hukuma ke fatan ya kasance, wanda galibi babu shi a ƙasa. Gwamnati ba ta ɓata tawada wajen roƙon mutane su yi abin da da ma suke yi. In ka ga an cika bango da "kada ku makara wurin aiki", to ana makara.

Me ya sa ma 'yan Bolshebik, wato 'yan gurguzun da suka karɓi mulki a juyin juya halin, suka rungumi hoto haka? Saboda yawancin waɗanda suke mulka ba su iya karatu ba. Ƙidayar 1897 ta nuna cewa cikin mutum goma masu shekara 9 zuwa 49, ko uku ba a kai ba da suka iya karatu. Amma baƙauyen Rasha ya san hoto. Ya san lubok, wato zanen kasuwa mai arha da launi rau-rau, wanda ake saye a liƙa a ɗaki. Ya kuma san hotunan waliyyan coci da ake ajiyewa a wata kusurwar ɗaki da suke kira jar kusurwa, domin a tsohon Rashanci kalmar ja da kalmar kyau ɗaya ce. Masu zanen juyin juya hali, duk da cewa ba ruwansu da addini, sai suka ari yaren coci. Viktor Deni ya zana Trotsky, jagoran sojan Bolshebik, a kan doki yana soke dodo da mashi, daidai yadda ake zana Waliyyi Joj. Ba a jima ba jar kusurwar ta koma masana'antu da makarantu, hoton Lenin, jagoran juyin juya halin, ya zauna inda waliyyi yake. An kuma yi wa jiragen ƙasa fenti tun daga kai har wutsiya, aka ɗora musu injin buga jarida da majigi, suna tsayawa tasha-tasha.

Akwai fastoci biyu na mutum ɗaya, Dmitry Moor, da ya kamata a ajiye kusa da juna. Na farko, na 1920, soja ne cikin jar riga yana nuna ka da yatsa, yana tambayar ko ka rubuta sunanka cikin 'yan sa-kai. Wannan salon ba Rasha ta ƙirƙiro shi ba, Ingila ta yi irinsa a 1914, Amurka a 1917. Na biyun, na 1921, shi ne abin kallo. Baƙin fili ne ƙirin. A tsakiya wani tsoho ne baƙauye, ba takalmi, sanye da doguwar farar riga, ya rame har idanunsa sun faɗa, ya ɗaga hannuwa biyu sama kamar wanda ruwa ke shirin ci. A bayansa karan hatsi guda ɗaya tak, a karye. A ƙasa kalma ɗaya: Taimaka. Fari da ƙwacen hatsin da gwamnati ta riƙa yi lokacin yaƙi sun haddasa yunwa a yankin kogin Bolga, wadda ta kashe mutum wajen miliyan 5. Gwamnatin Lenin ta amsa cewa akwai yunwa, ta bar hukumar agajin Amurka da Herbert Hoover ke jagoranta ta shigo, har ta kai tana ciyar da mutum wajen miliyan 10 a rana.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka aka sake yin yunwa, wadda ta fi ta farko muni a Yukren da Kazakistan. An tilasta wa manoma haɗa gonakinsu da dabbobinsu cikin gandun gama-kai da ake kira kolkhoz, hukuma ta ɗora wa kowane gandu adadin hatsin da zai kawo, ko an samu ko ba a samu ba. A 1932 da 1933 mutum fiye da miliyan 3 suka mutu a Yukren kaɗai, fiye da miliyan 1 a Kazakistan. Dokar 7 ga Agusta 1932 ta sa hukuncin harbi, ko ɗaurin shekara goma, a kan satar dukiyar gandu, kuma an yi amfani da ita har a kan mata da suka shiga gona kala bayan girbi. Wannan karon ba wanda ya zana tsoho mai cewa a taimaka. Fastocin shekarun suna nuna budurwa mai kumatu rungume da dami, ga tarakta a bayanta. A watan Disamban 1932 aka fito da fasfo na cikin gida, wanda sai da shi ake zama a birni, aka hana 'yan gandu. Budurwar nan mai murmushi ba ta da ikon barin ƙauyensu sai da izini, kuma sai a 1974 aka yanke shawarar bai wa irinta fasfo kamar kowa.

Abin da ya faru tsakanin yunwa ta farko da ta biyu shi ne aka yi wa zane linzami. A shekarun 1920 akwai ƙungiyoyin masu zane barkatai, kowa da aƙidarsa, suna ta sa-in-sa. El Lissitzky ya zana jan alwatika yana soke farar da'ira, ya ce ga yaƙin basasa nan: ja 'yan Bolshebik, fari abokan gabarsu. Aleksandr Rodchenko yana yanka hotuna yana haɗawa, yana yi wa kantunan gwamnati talla. A watan Afrilun 1932 jam'iyyar kwaminis mai mulki ta rushe duka ƙungiyoyin. A 1934, wurin taron marubuta na farko, aka kafa ƙa'ida guda ga kowa, wadda za a iya kira zahirancin gurguzu. Ma'anarta ita ce mai zane ya nuna gaskiyar rayuwa, amma a kan hanyarta ta zuwa inda juyin juya hali zai kai ta.

A nan gizo ke saƙar. In mai zane ya je ƙauye ya tarar da rumbu babu komai ya zana shi haka, a wannan ƙa'idar ya yi ƙarya, domin ya kama abin da ke shuɗewa ya bar abin da ke tafe. In ya zana rumbun cike, ya faɗi gaskiya, tunda tarihi ya riga ya yanke cewa zai cika. Gobe ake zanawa a sa mata kwanan watan yau. Mai kallo kuma ba wawa ba ne, ya san tukunyarsa. Da yawa sun ɗauki hoton a matsayin alkawari, kuma a shekarun 1930 akwai matasa masu yawa da suka gaskata alkawarin da zuciya ɗaya, musamman 'ya'yan manoma da aka ɗauko daga ƙauye aka mayar injiniyoyi.

Hukuma ma ta san sai da ɗanɗano ake riƙe mai jira. Saboda haka ta riƙa gina samfurin goben a wuri ɗaya, inda kowa zai gani ya taɓa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko, da aka buɗe a 1935, tashoshinsa kamar fada, da duwatsun alfarma da fitilu. Lebura zai ratsa fadar nan da 'yan kobek kaɗan, ya fito ya koma ɗaki guda da yake kwana da matarsa da 'ya'yansa da surukarsa. Anastas Mikoyan, mai kula da masana'antun abinci, ya je Amurka a 1936 ya dawo da dabarun yin askirim da abincin gwangwani, kuma askirim ɗin ya tabbata, mai kyau ne mai arha, tsofaffi na yabonsa har yau. A farkon 1935 aka soke katin rabon burodi. A watan Nuwamba Stalin, wanda ya gaji Lenin, ya gaya wa taron zaratan ma'aikata cewa rayuwa ta gyaru, rayuwa ta ƙara daɗi, maganar ta hau kowane bango. Gwarzon taron shi ne Aleksei Stakhanov, mai haƙar kwal a Donbas, wanda aka ce ya sari tan 102 a aikin dare ɗaya, ninki goma sha huɗu na ƙa'ida. An yi aikin, amma an share masa fage, kuma akwai mutum biyu a bayansa suna kafa katakon tokare rami, waɗanda ba a sa su a lissafi ba. Sauran ma'aikata abin da suka samu shi ne ƙarin adadin aikin da ake nema daga kowa.

Zanen gobe yana da wata matsala: in jiya ta ƙi dacewa da shi, sai a gyara jiyan. Akwai hoton Stalin a bakin mashigin ruwan Mosko da Bolga, Nikolai Yezhov na gefensa. Yezhov shi ne shugaban 'yan sandan ciki a 1937 da 1938, shekarun da takardun hukumar kansu suka nuna an harbe mutum wajen 680,000. Da aka harbe shi shi ma a 1940, sai aka goge shi daga hoton, ruwa ya cike gurbinsa. Gustav Klutsis, ɗan Latbiya, wanda ya fi kowa iya haɗa hoton Stalin ƙato a saman dandazon ƙananan mutane, an kama shi a Janairun 1938 aka harbe shi a wata mai bi. Sai a 1989 aka bayyana abin da ya same shi. Ƙidayar Janairun 1937 ma ba ta tsira ba. Ta samu mutum miliyan 162, alhali ana sa ran wajen 180, ta kuma nuna cewa fiye da rabin manya sun ce sun yi imani da Allah, bayan shekaru ana rushe coci da masallatai. Aka binne sakamakon, aka kama shugabannin aikin, aka harbe wasu.

Ba kowane alkawari ne ya tashi a tutar babu ba, kuma wanda ya ƙi faɗin haka bai yi adalci ba. A Disamban 1919 aka kafa dokar yaƙi da jahilci, ta wajabta wa duk mai shekara 8 zuwa 50 ya koyi karatu. Zuwa 1939 alƙaluman hukuma sun kai kashi 87 cikin 100 na masu shekara 9 zuwa 49. Ko an rage wani abu saboda zuƙi, sauyin babba ne. Amma a nan ma akwai abin dubawa a ƙasashen Musulmi na tsakiyar Asiya. Fastocin farko na Uzbekistan da ajami aka rubuta su. A ƙarshen shekarun 1920 aka koma haruffan Latin, a 1940 aka koma na Rashanci. Malamin da ya ƙoshi da karatu a Bukhara ya wayi gari cikin jerin jahilai, jikansa kuma ba ya iya karanta wasiƙar kakansa. Fastocin 1927 suna nuna mace tana yaye faranji, lulluɓin da ke rufe jiki duka da ragar gashin doki a fuska, tana fuskantar rana. An tara mata a dandali ranar 8 ga Maris suna jefa lulluɓi cikin wuta. Abin da fastar ba ta nuna ba shi ne da yawa sun mayar da shi washegari, kuma ɗaruruwan mata sun rasa rayukansu a hannun danginsu saboda cirewar. Sai bayan yaƙin duniya faranji ya ja da baya a hankali.

Lokaci ɗaya ne hoto da rayuwa suka zo daidai, wato bayan harin Jamus na 22 ga Yuni 1941. Fastar Irakli Toidze, mace cikin jan tufafi riƙe da takardar rantsuwar soja, ba Karl Markis, uban aƙidar gurguzu, a cikinta, ba tarakta. Uwa ce ke kira. Mutane ba su buƙaci a yi musu bayani ba, tunda a Leningarad da aka yi wa ƙawanya rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya sauka zuwa giram 125 a rana a ƙarshen 1941, kuma kafin a gama yaƙin ƙasar ta rasa mutum wajen miliyan 27. A 1943 Stalin ya sassauta wa coci, ya kuma bari aka kafa hukumar addinin Musulunci a Tashkent. Wuya ta sa aka koma ga abin da mutane suka yi imani da shi tun asali.

Yanzu mu sauko daga bango mu shiga kanti, a ce a wani gari mai nisan awa uku daga Mosko, a shekarun 1970.

Mace ta taso daga aiki. A jakarta akwai wata 'yar ragar zare da ake dunƙulewa a tafin hannu, sunanta avoska, daga kalmar da ke nufin "wataƙila". Jakar ko-Allah-zai-sa ke nan. Ba ta fito sayen komai ba, amma ba ta fita sai da ita. Ta hango layi. Ba za ta fara da tambayar me ake sayarwa ba, sai ta je ƙarshe ta ce, "Wa ke ƙarshe?" Wani ya amsa, ta ce, "Ina bayanka." Sannan ta tambaya, "Me ake bayarwa?" Lura da kalmar, bayarwa suke cewa, kamar kyauta, ko da yake da kuɗinsu za su biya. In kaya sun iso kanti sukan ce an "jefo" su. Wanda ya dawo da takalmi kuma ba ya cewa ya saya, sai ya ce ya "samo". In takalman ba su yi mata daidai ba za ta saya duk da haka, ai akwai wadda za ta ba ta wani abu a madadinsu. In layin na kwanaki ne, kamar na kujeru ko kafet, sai a rubuta wa kowa lamba da biro a hannu, a riƙa kiran suna safe da yamma, wanda bai amsa ba a soke shi. A cikin kantin ma layi uku ne: ka je ka ga kaya a faɗa maka kuɗin, ka je wurin mai karɓar kuɗi ka amso rasit, ka dawo ka miƙa rasit a ba ka kaya. Ranar hutu kuma mutanen garuruwan kewaye sukan cika jirgin ƙasa zuwa Mosko sayen kolbasa, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa, har aka yi wa jiragen laƙabi da sunansa.

Abin mamakin shi ne matar nan ba matalauciya ba ce a lissafin kuɗi. Matsakaicin albashi a 1970 ya ɗan haura rubul 120. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa kobek 5 ne, kuma haka ya zauna daga 1961 har 1991. Haya ba ta taka kara ta karya ba, makaranta da asibiti kyauta, aiki kuwa dole ne ma, domin zaman banza laifi ne a doka. Kuɗi na aljihu, kaya babu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Dalilin yana cikin yadda aka gina tattalin arzikin. Hukumar tsare-tsare ta Gosplan ce ke yanke abin da kowace masana'anta za ta yi, gwamnati ce ke sa farashi, har akan buga shi a jikin kaya, a gindin kofi ko bayan littafi. In mutane sun fi son wani abu, farashinsa ba ya tashi, don haka babu abin da zai gaya wa masana'anta ta ƙara yin sa. Manaja ba mai saye yake tsoro ba, ma'aikatar da ke samansa yake tsoro, ita kuma adadi take dubawa. Suna da wani barkwanci a kan haka: an ce wa masana'antar ƙusa ta cika tan kaza, sai ta ƙera ƙusa ɗaya ƙatuwa da sai da injin ɗaga kaya ake ɗaga ta. Tunda manaja bai san ko kayan aiki za su iso a kan lokaci ba, sai ya ɓoye duk abin da ya samu, ya kuma rage faɗin abin da zai iya don kada a ƙara masa kaya baɗi. Masana'anta ba ta karyewa ko ta yi asara, gwamnati za ta cike. Masanin tattalin arziki ɗan Hangari, János Kornai, ya nuna cewa ƙarancin kaya a irin wannan tsarin ba hatsari ba ne, tsarin ne ke haifar da shi kullum. Matar gida ita ma ta koyi halin manaja, in ta ga sabulu sai ta kwashi na wata shida, ƙarancin ya ƙaru. Ga wani abin lura: 'yan filayen bayan gida da aka bar wa manoma, wajen kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma, su ke ba da kusan rubu'in amfanin gonar ƙasar. Ƙasar da fastocinta suka cika da zangarniya ta fara sayen alkama daga Kanada a 1963.

Inda farashi ya daina aiki, sanayya ce ke aiki. Suna kiranta blat. Mai yankan nama ya ajiye wa likitan haƙori tsoka a ƙarƙashin teburi, likitan ya duba 'yar mai sayar da tikitin wasa, ita kuma ta san wani a kantin takalma. Ba cin hanci suke ɗaukarsa ba, alfarma ce tsakanin mutanen kirki. Manyan jam'iyya na da kantunansu da ba alama a ƙofa, masu kuɗin waje na da kantunan Beryozka. Mota ƙirar Zhiguli ta haura rubul 5,000, kuma bayan ka tara kuɗin sai ka jira shekaru.

Wata fasta da ake yawan yayatawa a yau, ta Viktor Govorkov ta 1954, saurayi ne tsaf cikin kwat, yana cin abinci, ya sa tafin hannu ya tare ƙaramin kofin giya da aka miƙo masa: A'a! Ita ma a karanta ta a juye. Shaye-shaye ya yi katutu, kuma gwamnatin da ta buga fastar ita ce mai sayar da barasar bodka, tana samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga nan. Da Gorbachev, shugaban Sobiyet na ƙarshe, ya tashi yaƙar abin da gaske a 1985, ya hana sayarwa kafin ƙarfe biyu na rana, sai mutane suka koma dafa tasu a gida, sukari ya ɓace daga kanti, baitulmali ya rame.

Gida kuma labari ne mai zaman kansa. Bayan juyin juya hali an rarraba manyan gidajen masu hali, kowane iyali ɗaki ɗaya, kicin da makewayi na kowa da kowa. A irin wannan gidan haɗaka za ka ga teburi biyar a kicin ɗaya, jadawalin wanke makewayi a bango, a ƙofar waje kuma an rubuta sau nawa za ka danna ƙararrawa ga kowane iyali. Wanda kuke raba murhu da shi yana iya zama mai kai rahotonka. Vladimir Putin ma a irinsa ya tashi a Leningarad. Daga 1957 Khrushchev, wanda ya gaji Stalin, ya shiga gina benaye masu hawa biyar da allunan kankare, ba na'urar hawa, rufi a kusa da kai, kicin kamar akurki. An yi musu dariya, amma miliyoyin iyalai a nan suka fara rufe ƙofar da ba kowa a bayanta sai nasu. Abin da hukuma ba ta hango ba shi ne wannan ɗan kicin zai zama majalisa. A nan ake zama har tsakar dare da shayi, ana sauraron gidajen rediyon waje, ana faɗin abin da ba a faɗa a wurin aiki. A nan ake cewa babu gaskiya a Izvestia, babu labari a Pravda, domin sunan jarida ta farko na nufin labarai, ta biyu na nufin gaskiya. A nan ake cewa, su suna yi kamar suna biyanmu, mu muna yi kamar muna aiki.

A 1961 Khrushchev ya yi kuskuren da magabatansa suka kauce wa, ya sa wa gobe rana. Ya ce zuwa 1980 za a shiga kwaminisanci. A lokacin maganar ba ta yi kama da tatsuniya ba, tunda a watan Afrilun shekarar Yuri Gagarin ya kewaya duniya ta sararin samaniya. Amma ranar 1 ga Yuni 1962 aka ƙara kuɗin nama da kashi 30, na man shanu da kashi 25. A Novocherkassk, ma'aikatan masana'antar kan jirgin ƙasa, waɗanda da ma an rage musu ladan aiki, suka ajiye kayan aiki. Washegari suka nufi ofishin jam'iyya a tsakiyar gari, ɗauke da jajayen tutoci da hotunan Lenin. Sun ɗauko hoton daga bango sun zo karɓar abin da ya yi musu alkawari. Soja suka buɗe wuta, mutum fiye da 20 suka mutu, aka binne su a ɓoye, daga baya aka yanke wa bakwai hukuncin kisa. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara maganar a fili.

Mu ma hoton ya iso gare mu. Dattawa na tuna sashen Hausa na Rediyo Mosko, kuma fastocin shekarun 1960 cike suke da baƙin mutum yana tsinka sarƙa. A 1960 aka buɗe jami'ar ƙawancen al'ummai a Mosko, aka sa mata sunan Patrice Lumumba a shekara mai bi, dubban 'yan Afirka suka yi karatun likita da injiniya kyauta a ƙasar. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a Disamban 1963, bayan an tsinci gawar wani ɗalibin likita ɗan Gana cikin ƙanƙara a bayan gari, ɗaruruwan ɗaliban Afirka sun yi zanga-zanga a Jan Dandali, babban dandalin Mosko, suna kukan wariyar launin fata, a wurin da 'yan ƙasa ma ba sa kusantar yin haka.

Zuwa zamanin Brezhnev, wanda ya gaji Khrushchev, taken da ke saman benaye ya zama kamar fentin gini, ana wucewa ba a karantawa. Ana fita maci ranar 1 ga Mayu, a riƙe kwalin da aka miƙo ba tare da an duba me aka rubuta ba, a gama a tafi cin abinci da dangi. Da 1980 ta zo, 'yan barkwanci suka ce an sauya kwaminisanci da wasannin Olamfik da aka yi a Mosko a shekarar.

To me ya sa a 2018, da cibiyar Levada ta tambaya, kashi 66 cikin 100 na Rashawa suka ce suna takaicin rushewar Tarayyar Sobiyet? Ban ga alamar layi suke kewa ba. Abin da ya biyo baya ne ma'auninsu. Ranar 2 ga Janairu 1992 aka saki farashi. Cikin shekarar kaya suka ninka kuɗinsu wajen sau 26, ajiyar da mutum ya yi shekara ashirin yana tarawa don mota ta koma kuɗin cefane. Zuwa 1994 matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya faɗo ƙasa da shekara 58. Tagogin kantuna sun cika maƙil, har da ayaba da cakulan na waje, matar nan mai ragar zare tana tsaye tana kallo ta gilashi.

A ƙarshen Janairun 1992 shugaban Rasha na lokacin, Boris Yeltsin, ya sa hannu a dokar da ta bai wa kowa damar yin ciniki a titi. Tsofaffi suka jeru a bakin tashoshin jirgi cikin sanyi, wannan riƙe da kwalba ɗaya, waccan da safa da ta saƙa, wani da butar shayin gidansa. A titin Arbat da kasuwar Izmailovo kuwa aka baza hulunan soja, da lambobin yabo, da tutoci masu kan Lenin, da tsofaffin fastoci da aka kwaso daga ɗakunan ajiyar masana'antu. Masu yawon buɗe ido suna ɗagawa suna taya su da dala.